Wace rigar baral zan saya wa AR-15 ɗina, kuma zan iya ɗaura ta da kaina?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina da bindiga AR-15 da na saya a nan Texas shekara biyu da suka wuce, baral ɗinta, wato bututun da harsashi ke fita ta cikinsa, inci 16, harsashi 5.56, da irin rigar roban nan mai ɓari biyu da take zuwa da ita daga kamfani, wadda ke rufe baral inda hannu ke riƙewa, da saitin gaba mai tsini wanda aka kafe a jikin baral. Wani abokin aikina yana da gona, aladun daji sun hana shi sakat, duk daren duniya sai sun tone masa shuka, shi ne nake raka shi a ƙarshen mako. Damuwata biyu ce. In na yi harbi kaɗan a jere robar sai ta ɗau zafi, kuma babu inda zan maƙala tocila ko ƙafafun jingina. Sannan na lura in na ɗora gaban bindigar a kan shinge na danna, harsashi ba ya sauka inda yake sauka in ina filin gwaji. Ina so in sa riga mai ƙwari sosai, irin wadda ko mota ta taka ba abin da zai same ta. Na ga masu layin haƙora ta fuska huɗu, sun burge ni. Me za ku ce?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Ni kafin a je ga ƙarfe, tambayata ɗaya ce. Bahaushe, ɗan Musulmi, ka ƙetare teku ka zo farautar alade? In ka harbe sai ka kai wa wa?

Baban Amira: Haba Malam, ai ko taɓawa ba na yi. Korar ɓarna ce kawai, kamar yadda ake tsare gero daga birai a gida. Mai gonar shi ya san yadda yake yi da su. Jihar ma ta gaji da su, tun 2019 ba a buƙatar lasisin farauta don harbinsu a gonar mutum in dai mai gonar ya yarda. In lokacin barewa ya zo kuwa da lasisina nake fita, wannan kam har kilishi.

Malam na Zango: To Allah ya ba da sa'a. A ajiye mana namu kason na barewar. Mu nan New York sai dai kallo, tun dokar 2013 irin bindigar da kake magana a kai a siffarta ta asali ba ta shiga shago.

Sajan: Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Sayi mai layi huɗun nan, wato layin haƙoran da ake kira Picatinny, sama da ƙasa, dama da hagu. Ni da irinta na yi aikin soja, a jikin M4, bindigar sojan Amurka. Ta sha faɗuwa, ta sha bugun ƙofar mota, ta sha rairayi, ban taɓa ganin abin da aka ɗaura mata ya kwance ba. Tun 1995 sojan Amurka suka tsayar da ma'aunin wannan layi kuma har yau duk wani madubin hange ko tocila da za ka saya yana hawa kansa. Waɗannan siraran na zamani masu ramuka, in ka riƙe kamar ka riƙe gwangwanin madara. Abin da aka gwada a fagen fama shi ne abin saye.

Kawu Injiniya: Salamu alaikum. Na ga saƙon tun safe, ina wurin aiki ne. Baban Amira, kafin ka ciro katin banki, raba matsalolinka biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Zafi da rashin wurin maƙala tocila, wannan ƙaramin abu ne. Akwai riga mai ɓari biyu ta alminiyam ko ta roba mai kyau da ke shiga daidai inda tsohuwar take. Ka ja zoben nan mai sifirin da ke gindin baral baya, ka cire tsohuwa, ka sa sabuwa, minti goma ka gama, ko sifana ba ka ɗauka ba.

Amma na biyun, wato harsashi ya kauce in ka jingina, wannan ba zai warke da waccan ba ko da ta zinariya ce. Dalili shi ne rigar da kake da ita gabanta yana zaune ne a cikin wani ɗan murfin ƙarfe da ke bayan saitin gaba, shi kuma murfin a jikin baral yake. Duk nauyin da ka ɗora wa riga, ko ka danna ta a shinge, ko ka ja maɗauri da ƙarfi, baral ne yake ɗauka. Lanƙwasar ba ta kai ido ya gani ba, amma a yadi 100 takarda za ta nuna maka. Maganinsa ita ce rigar da ake kira firifulot, wadda ke kama notin da ya ɗaure baral a jikin bindiga kaɗai a can gindi, daga nan har ƙarshenta ba ta taɓa komai. Baral yana cikinta kamar muciya a tsakiyar tukunya, ba ya gogar gefe.

Sai maganar ƙwari. Sajan, ka yi mini haƙuri, nauyi daban ƙwari daban. Riga ba a tsakiyarta take fara ba da kai ba, a mahaɗarta da noti ne. In mahaɗar ta yi sako-sako, ko da kaurinta ya kai na turmi, juyawa za ta yi.

Sajan: Kawu, girmanka ne, amma ban yarda duka ba. Akwai masu layi huɗu da su ma ba sa taɓa baral. RIS II ta kamfanin Daniel Defense fa? Dakarun musamman sun yi shekaru da ita.

Kawu Injiniya: Gaskiyarka, akwai, kuma riga ce ta kirki. Ban ce layi huɗu ba shi da kyau ba. Tambayar ita ce me yaron nan zai ɗaura. Ya ce tocila da ƙafafun jingina. Abu biyu. Kai a soja kana ɗauke da na'urar leza, da tocila, da mariƙi, wani ma har da abin harba gurneti a ƙasa, kuma ba kai ka zaɓa ba, ba ka aka yi. Shi kuwa zai yi yawo a gona da dare da haƙoran ƙarfe ta fuska huɗu waɗanda kashi tara cikin goma ba abin da zai hau kansu, suna cin tafin hannunsa, sai ya sake kashe kuɗi ya sayi murfin roba ya rufe su. Kuma duk wannan nauyin a can gaba yake, inda oza ɗaya take jin kamar uku bayan awa biyu.

Su kansu sojan ai sun gwada. Kamfanin Magpul ya fito da M-LOK, tsarin ramukan da ake ɗaura kaya a jikin riga, a 2014, wani irinsa mai suna KeyMod ya riga shi da kamar shekara biyu. Cibiyar sojan ruwa da ke Crane a jihar Indiana ta haɗa su biyun ta gwada wa rundunar dakarun musamman, aka yi ta jefarwa ƙasa, aka cire kaya aka mayar, aka ja har sai abu ya karye. Sakamakon da ya fito a 2017 M-LOK ya ba wa gaskiya. Shi ya sa yau in ka shiga shago KeyMod sai ka tona. Kuma rigunan M-LOK ɗin nan galibi suna da cikakken layin Picatinny a sama, in kana son ƙari a gefe sai ka sayi ɗan guntu ka ɗaura daidai inda kake buƙata.

Sajan: Gwajin nan tsakanin M-LOK da KeyMod aka yi shi, Kawu, ba da tawa ba. Kar a ci da haƙƙina.

Kawu Injiniya: Na karɓa. Wannan kam ka kama ni.

Maman Sadiq: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni abin nan yana ɗaure mini kai. Jiya-jiya aka gama tara kuɗi a wannan gida saboda mutanenmu da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Zamfara da Katsina, yau kuma ana zancen yadda za a yi wa bindiga kwalliya. Ni a asibiti nake aiki a nan Maryland, na ga abin da harsashi ke yi wa jikin ɗan Adam, ba a hoto ba. Baban Amira, sunan 'yarka kake amsawa. Tana da shekara nawa? Ina kake ajiye wannan abu?

Baban Amira: Hajiya, tambayarki a kan hanya take, kuma ban ji haushi ba. Shekararta biyar. Bindigar tana cikin akwatin ƙarfe mai lamba wanda na kafe da ƙasa, harsashi yana wani akwatin daban, mahaifiyarta kaɗai ta san lambar bayan ni. Sharaɗin da ta gindaya mini ke nan kafin abin ya shigo gida. Maganar gida kuwa, ni ma ina da dangi a yankin, ba na raina ta.

Maman Sadiq: To Allah ya tsare. Ni dai ban sauya ra'ayi ba, da za a bi tawa da gidan da ke da yara ba a kai wannan. Amma tunda ka kulle, na ji sauƙi kaɗan. Don Allah masu hotuna kar a riƙa turowa nan, akwai waɗanda ganin abin kaɗai yana tayar musu da hankali.

Shugaban Zaure: An ji, Hajiya, kuma an ɗauka. Ba hoton bindiga a wannan zaure, mai son nuna wa Kawu wani abu ya tura masa kai tsaye. A ci gaba da magana cikin mutunci.

Auta: Yayyena ni ɗalibi ne, shekarata ta biyu a nan. Abin yana ba ni sha'awa. Ita rigar nan kowa zai iya saye a intanet? Har da ita bindigar?

Sajan: Auta, tsaya nan. Rigar ba bindiga ba ce a idon dokar tarayya, ɓangaren ƙasa mai ɗauke da lamba shi ne bindiga, shi ake cike wa fom 4473 a binciki mutum. Amma kai da bizar karatu kake. Dokar tarayya ta hana mai irin bizarka mallakar bindiga ko harsashi, sai 'yan keɓantattun hanyoyi, kamar wanda yake da lasisin farauta mai aiki, kuma kowace jiha da nata ƙarin, makarantarka ma da nata. Kuskure ɗaya a nan ya isa a tattara ka a mayar gida ba digiri. Ka yi karatunka. In sha'awar ta dame ka, ka fara tambayar lauya kafin ka taɓa ko kwanso.

Auta: Na gode Yaya. Na fasa, dama tambaya ce.

Baban Amira: Kawu, na gamsu da maganar wadda ba ta taɓa baral. To wajen zaɓe me zan duba? Na ga wata ta dala 40, na ga ta dala 300, a hoto duk kamarsu ɗaya.

Kawu Injiniya: A hoto kowace amarya kyakkyawa ce. Fara da notin. Riga ta kirki da nata notin baral take zuwa, yawanci na ƙarfe, mai ɗan tsawo, don rigar ta samu wurin zama sosai. Duba yadda take kama shi. Wasu sukurori biyu ne a ƙasa suke matse ta kamar ƙulli, wasu sukurorin suna ratsa wani rami a jikin notin ta yadda ba za ta iya zamewa gaba ba, wasu kuma wani ɗan ƙarfe mai kama da tsinke ne yake cusa kansa. Wadda matsi kaɗai ke riƙe da ita, ba abin da ya hana ta zamewa gaba, ita nake gudu, don in baral ya yi zafi ya huce ya sake zafi, a hankali take tafiya. Sannan ka duba ko tana da 'yan kunnuwa biyu a baya da ke rungumar saman bindiga don kar ta juya. Naka saman na kamfani ne na yau da kullum, za su zauna. Masu saman da aka sassaƙa da faɗi su ne kunnuwan ke ba wa wahala.

Alminiyam ɗin kuma za ka ga an rubuta 6061 ko 7075. Na biyun ya fi ƙarfi, kusan ninki biyu, da shi ake yin jikin bindigar kanta. Amma yawancin riguna masu kyau 6061 ne kuma suna aiki lafiya, kar wannan lamba ta sa ka biya kuɗin da ba ka shirya ba. Kaurin bango da kyan mahaɗa sun fi lambar muhimmanci. Ta dala 40 ɗin nan, abin da aka rage a cikinta ba ya fita a hoto: sukurori masu laushi, ramukan M-LOK da ba su cika ma'auni ba, layin sama da ba ya daidaita da na bindiga. Na taɓa sayen irinta don gwaji, ban ambaci suna ba, sukuru na biyu da na ɗaura kansa ya murje. Araha ba ta ado. Ba sai ka kai 300 ba, a tsakiya akwai masu kyau da yawa.

Tsawo fa, gaya mini, bututun iskarka, wanda ke mayar da iskar harbi baya don bindiga ta ɗauko harsashi na gaba, wane ne? Auna daga gaban jikin bindiga zuwa saitin gaba. In wajen inci 7 ne gajere ke nan, in wajen 9 matsakaici, in 12 dogo.

Baban Amira: Na auna, wajen 9 ne. Ni 15 nake so, ta rufe baral ɗin kusan duka, ta fi kyau.

Kawu Injiniya: Inci 15 a kan baral 16 ana yi sosai, ba laifi. Amma ni da 13 zan ba ka shawara. Ta rufe gas bulok, wato ƙarfen da ke ɗibar iskar harbi daga baral zuwa bututun, wanda a taka saitin gaba ne ke yin aikinsa, ta ba ka wurin ƙafafun jingina da tocila, ta fi sauƙi, kuma duk ƙarin tsawo ƙarin abin da zai lanƙwashe ne in an danna ƙarshensa. Ga kuma hannu. Da dare ne, kana gaggawa, riga ta kai bakin baral, yatsa yana iya wucewa gaba ba ka sani ba.

Sajan: A nan kam ni da Kawu bakinmu ɗaya. 13.

Na Gusau: Salam 'yan uwa, ni ina gida, wani ne ya sa ni a zauren. Tunda abin ba bindiga ba ne, in na turo kuɗi za a iya sako mini irin kayan nan a cikin kaya masu zuwa? Kun san halin da muke ciki.

Shugaban Zaure: Ɗan uwa, mun san halin da ake ciki kuma yana ci mana rai, amma amsar a'a ce, kuma kar wani ya bi shi ta bayan fage. Fitar da kayan bindiga daga Amurka ba izinin gwamnati laifi ne babba, mutane suna zaman kurkuku a kansa. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 tana nan, ko bindigar farauta sai da lasisi, balle wannan. Duk wanda ya sake tayar da zancen aike zan cire shi. Maganar da ake yi ta wanda yake zaune a inda doka ta ba shi dama ce.

Na Gusau: Allah ya huci zuciyarka shugaba. Na bari.

Baban Amira: To Kawu, ɗaurawa. Ina da akwatin sifanu, ina canza wa motata birki da kaina. Zan iya?

Kawu Injiniya: Wanda ya iya birki zai iya, in yana da kayan aikin da haƙuri. Kafin komai, cire gidan harsashi, ja baya ka leƙa cikin ɗakin da harsashi ke zama a gindin baral da ido, ka sa yatsa, ka fitar da duk harsashi daga inda kake aikin. Sannan ka raba sama da ƙasa, da saman kaɗai za ka yi aiki.

Kana buƙatar bais, wato matsen ƙarfe, a kafe a tebur, da abin riƙe saman bindiga a cikin bais ɗin, ko sandar nan da ke shiga ta baya ta kama haƙoran gindin baral. Kar ka kuskura ka matse jikin alminiyam a bais kai tsaye. Sai sifanar notin baral, da tok renci mai auna ƙarfin ɗauri, da 'yan pancin fitar da fil, da guduma, da giris.

Abin da ke bakin baral zai fara fita, don komai ta gaba yake zarewa. Naka inci 16 ne, kwancewa kawai zai yi. Masu baral 14.5 da aka yi wa walda don ya cika 16 ɗin da doka ta ce, su kam sai wurin mai gyara. Washar da ke bayansa ba a maimaita ta, sayi sabuwa.

Inda za ka yi gumi shi ne saitin gaban nan. Fil biyu ne suka riƙe shi, kuma masu tsini ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Duba da kyau ka gano siririn kan, shi za ka buga. In ka bugi mai kaurin, ƙara cusa shi kake yi, za ka kwana a nan. Ka samu abin da zai tallafe shi da kyau a ƙasa, bugu mai ƙarfi guda biyu ya fi ƙananan bugu hamsin da ke baje kan fil.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ka sayi gajeren gas bulok da zai shige cikin riga, ka auna kaurin baral a wurin, yawanci 0.750 ne, sirara 0.625. Ko kuma ka yanke hasumiyar saitin naka ka goge shi ya gajarta ka mayar da shi da fil ɗinsa. Ni na biyun na fi so ga mai neman ƙwari, don babu sukurun da ya kai fil riƙo. Sai dai aikin zarto ne da goge-goge, kuma dole ka tabbatar zai shige cikin rigar. In sabo ka saya mai sukurori a ƙasa, ramin iskarsa dole ya hau daidai kan ramin baral. Wasu an yi su ne da lissafin kaurin murfin nan da ka cire, sai an bar ɗan tazara kamar kaurin katin banki tsakaninsu da kafaɗar baral. In ya kauce, bindiga za ta harba ɗaya ta ƙi ɗauko na biyu.

Notin baral kuma, goge tiredin, wato zaren da noti ke hawa, tas, shafa giris, irin mai moli da littafin soja ya ce, don ƙarfe a kan alminiyam in ba giris cin juna suke. Ɗaura ka kwance sau uku tukuna don tiredin ya zauna, sannan ka ɗaura na ƙarshe. Ma'aunin notin asali daga 30 zuwa 80 ne na fut-fam, amma takardar da ta zo da rigarka ita ce alƙali, abin da ta ce shi za ka bi. In kan sifanar irin mai maƙalawa a tok renci ne, sa shi a kwance ta gefe, kar ya miƙe ya ƙara wa rencin tsawo, in ba haka ba lambar da kake gani ƙarya ce.

Sajan: Ƙari ɗaya. In ka cire saitin gaba ka zama ba ka da saiti, ka tanadi wani. Madubi kuma a kan jikin bindiga ake ɗaura shi, kar ƙafarsa ɗaya tana jiki ɗaya tana kan riga.

Malam na Zango: Ni duk wannan lissafin ya isa in ce a kai wa mai gyara. Bais, renci, panci, giris, in ka tara kuɗinsu ai sun fi ladan aikin. Garin neman gira kar a rasa ido.

Kawu Injiniya: Malam bai yi ƙarya ba. In sau ɗaya za ka yi a rayuwarka, kai wa mai gyara ya fi araha. In kuma hannunka na ƙaiƙayi irin nawa, ba mai hana ka.

Baban Amira: Jama'a na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na sayi M-LOK inci 13, Sajan ka yafe mini. Tok renci na ara a wurin aiki. Fil ɗin nan kuwa Kawu ka faɗa, na farko ya fita da bugu uku, na biyu ya ƙi, har na fara baje kansa, sai na tsaya na kai wa mai gyara ya fitar mini a minti biyar yana dariya. Sauran na yi da kaina, gas bulok sabo na sa, ban yi ƙarfin halin yanka ba. Na je fili, tana harbawa tana ɗaukowa lafiya, hannu ba zafi. Amma ga abin haushi: da na ɗaura ƙafafun jingina, matsalar nan ta dawo, har ta fi da. In na danna, harsashi ya tashi sama. Na kashe kuɗi tsugune ba ta ƙare ba.

Sajan: Da ka ji maganata.

Kawu Injiniya: Sajan bari tukuna. Baban Amira, a wane rami ka ɗaura abin ƙafafun? Ɗauki takarda siririya ka zura tsakanin riga da gas bulok ta ƙasa, ka zagaya da ita. Gaya mini ko ta wuce.

Baban Amira: Ikon Allah. Ba ta wuce ba. Na haska tocila, sukurun M-LOK ɗin ya leƙo ciki ya tokare gindin gas bulok, har ya yi masa ɗan tabo mai sheƙi. Daidai ƙarƙashinsa na ɗaura ashe.

Kawu Injiniya: Shi ne. Ka sayi riga da ba ta taɓa baral, ka sa sukuru ya taɓa mata. Matsar da shi rami ɗaya ko biyu gaba, ko ka rage tsawon sukurun. Ka duba na tocilar ma. Sannan ka ɗiga fenti ko ka ja layi da alƙalami a kan kowane sukuru da jikin riga, in ya fara kwancewa layin zai nuna maka. Bayan harbi kamar ɗari ka sake bin su da renci.

Baban Amira: Na matsar da shi rami biyu, takarda tana zagayawa ba abin da ya tare ta. Yau da yamma na koma fili, yadi 100, biyar a kan buhun yashi, biyar a kan ƙafafu ina dannawa da gangan, duk wuri ɗaya suka taru. Kawu Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Sai dai ramin da abin ya koma shi ne inda nake son sa maɗaurin kafaɗa, yanzu ban san inda zan kai shi ba.

Sajan: Kai shi gefen hagu, can baya kusa da noti. A mai layi huɗu dai da ba ka yi wannan tambayar ba.

Maman Sadiq: In kun gama, a mayar da ita akwati a kulle. Kuma waɗanda ba su biya kuɗin gudummawar wannan wata ba, shugaba yana jira.